Fitilar Rataye ta Faransa: Sunanta, Ƙirarta da Maƙeranta

Duk wanda ya bi hanyar Kachia a kudancin Kaduna, ya ratsa Unguwar Boro zuwa Sabon Tasha, in ya leƙa shagunan kayan lantarki ko ya shiga ɗakin taron biki, da wuya ya rasa ganin wata irin fitila rataye a rufi. Tana da rassa masu launin zinariya, kowane reshe da ɗan ƙwan lantarki a bakinsa mai siffar kyandir, ga kuma 'yan gilasai suna reto a ƙarƙashi. Galibin waɗannan sababbi ne, na kwano mai fenti da gilashin inji ko roba. Amma siffar tsohuwa ce, an gaje ta daga maƙeran Faransa na shekaru 200 zuwa 300 da suka wuce. Nufin wannan takarda shi ne a bayyana dalilin wannan siffa, da yadda a kan ƙera ta, da mutanen da suka ƙera ta, a kuma nuna cewa Hausa tana da kalmomin da za su ɗauki bayanin, domin yawancin aikin ba baƙo ba ne ga maƙeran ƙasar nan.

1. Sunan abin

Kalmar fitila ararriya ce daga Larabci, inda fatila ke nufin lagwani. Watau Hausawa sun ɗauki sunan ɓangare ɗaya suka sa wa abin gaba ɗaya. Kyandir kuwa daga Ingilishi ta shigo, amma tushenta Latin ne, candela, kuma wannan tushe shi ya haifi ƙindil na Larabci da chandelier na Faransanci. A nan akwai abin lura. Su Faransawa, abin da suke kira chandelier shi ne maɗorin kyandir da a kan aza bisa tebur. Wadda a kan rataya a rufi suna ce mata lustre, watau ƙyalli. Ingilishi ne ya ari kalmar farko ya ɗora wa abu na biyu, daga bakinsa kuma 'yan kasuwar Nijeriya suka karɓa.

Larabawa sun bi wata hanya dabam. Suna ce mata surayya, sunan tarin taurarin nan da Hausawa ke kira kaza da 'ya'yanta. Wanda ya taɓa ɗaga kai ya dubi irin wannan fitila a kunne ba zai nemi a bayyana masa dalili ba.

Hausa ta saba raɗa wa fitila suna ta fuska biyu. Aci-balbal ta sami sunanta daga yadda take ci, fitilar ƙwai kuwa daga siffar gilashinta. In an bi wannan al'ada, fitilar rataye ya isa suna, gama ratayewar ce ta raba ta da sauran. Shi za a yi amfani da shi a nan.

Sauran kalmomi biyu suna bukatar sharhi. Faransawa suna kiran ƙarfen fitilar bronze, wanda a ƙa'ida gamin jan ƙarfe ne da kuza. Amma da masana suka auna kayan Paris na ƙarni na 18, sai suka tarar galibi gamin jan ƙarfe ne da tutiya, da ɗan kuza da dalma kaɗan. Kalmar tagulla ba ta tsananta wannan bambanci ba, saboda haka ta fi ta Faransancin dacewa da gaskiyar abin. Gilashin kuwa, tsohuwar kalmar ƙarau, wadda aka sani a awarwaron mata, ita ta fi kama tsabtarsa da amonsa.

2. Dalilin siffar

Hasken kyandir ɗaya kaɗan ne ƙwarai. Ƙwan lantarki na tsohon yayi mai wat 60 ya yi hasken kyandir kamar 60. Ga shi kuma kyandir mai kyau yana da tsada. Na kitse yana hayaƙi da ƙauri, na talakawa ne. Na kakin zuma shi ke ci garau, sai gidan masu hali da majami'u. To, matsalar da ke gaban maƙeri ita ce, yaya za a yi kyandir 12 ko 24 su cika babban zaure da haske? Kowane ɓangare na fitilar rataye amsa ce ga wannan tambaya.

An rataye ta sama domin haske ya sauko bisa kowa, kada wani ya tare wa wani. An baza rassa domin zafin wannan kyandir kada ya narkar da wancan. A ƙarƙashin kowane kyandir an sa ɗan faifai mai tare ɗigon kaki, don kada ya zuba bisa tufafin baƙi. An yi wa tagulla ruwan zinariya domin zinariya ba ta dusashewa, ba ta yin kore, tana mayar da hasken da ya faɗa mata. An rataya ƙarau mai fuskoki da yawa domin kowace fuska ta ɗauki harshen wutar ta maimaita shi, har wuta ɗaya ta zama kamar goma a ido. Da yake harshen kyandir ba ya tsayawa cik, ƙarau ɗin ma yana motsi da iskar ɗaki, sai hasken ya riƙa wasa a bango. A manyan gidaje kuma a kan sauko da fitilar da igiya, barori su kunna ko su datse lagwani, sa'an nan a mayar da ita.

Zauren madubai na fadar Versailles, wanda aka gina wa Sarki Louis na 14 tsakanin 1678 da 1684, shi ne babban misali. Tsawonsa mita 73 ne, da tagogi 17, da madubai 357 suna fuskantar tagogin, duk don a riɓanya haske. Kayan adonsa na farko na azurfa ne zalla. A 1689 yaƙi ya ci baitulmali, Sarki ya sa aka narkar da su aka buga kuɗi. Wannan ya koya wa masu ƙira darasi: abin da aka yi da azurfa, ranar wuya tukunya zai koma. Tagulla mai ruwan zinariya kuwa, in an narkar ba a samun abin kirki, darajarta tana ga aikin hannun da ke jikinta. Shi ya sa da yawa daga irinta suka tsira. Fitilun da ke rataye a wannan zaure yau ba na asali ba ne, a ƙarni na 20 aka ƙera su bisa tsohon fasali.

3. Yadda a kan ƙera ta

Hausawa sun raba ƙira biyu, maƙeran baƙi masu garma da lauje, da maƙeran fari masu aikin tagulla da azurfa da zinariya. Aikin da ake magana a kai na maƙeran fari ne, amma a Paris an rarraba shi hannu hannu.

Da farko mai zane ya zana a takarda. Mai sassaƙa ya fitar da samfur da kaki ko itace. Daga nan sai mai zubi. Zubi iri biyu ne. A na farko a kan danna samfur cikin damammen rairayi a akwati mai ɓari biyu, a cire shi, a zuba narkakkiyar tagulla a gurbin da ya bari. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwane a kasuwar Panteka ta Kaduna ya ga wannan hanya da idonsa. A na biyu a kan lulluɓe samfurin kaki da yumɓu, a gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, a zuba ƙarfe a madadinsa, a fasa yumɓun. Da wannan hanya aka zuba kayan Igbo-Ukwu da kawunan Ife da na Benin, tun ƙarnoni kafin a haifi maƙeran da za a ambata nan gaba. Tagulla ma tsohuwar haja ce a ƙasar Hausa: Ibn Battuta, da ya sauka Takadda a 1353, ya ba da labarin jan ƙarfen garin da a kan kai Gobir da Barno.

Abin da ya fito daga zubi kaushi gare shi. Sai ya koma hannun mai naƙashi, wanda zai kafa shi bisa danƙo, ya bi shi da 'yar guduma da ƙananan ƙarafa masu baki iri iri, yana fito da jijiyar ganye da gashin tsuntsu da ƙwayar ido. Wani wuri ya bar shi sumul, wani wuri ya yi masa ɗigo-ɗigo kamar fatar lemo. A nan ne gwani ke rabuwa da ɗan koyo, reshe ɗaya kuwa ya kan ci kwanaki.

Sa'an nan mai ruwan zinariya. Ya kan zafafa zinariya ya haɗa ta da zaiba, ta narke a ciki ta zama kamar man shanu. A matse ta cikin fata mai laushi don rarar zaiba ta fita. A wanke tagulla da ruwa mai kaifi, a shafa mata wannan haɗi da burushin waya, a aza bisa garwashi. Zaiba tana tafasa a digiri 357, sai ta tashi ta zama tururi ta bi iska, ta bar zinariya manne da tagulla. A kan maimaita har zinariyar ta yi kauri, daga baya a goge wuraren da ake so su yi walƙiya da dutse mai santsi. Faransawa suna kiran wannan or moulu, watau niƙaƙƙiyar zinariya.

Kamar yadda maƙeran birnin Kano suke ƙarƙashin Sarkin Maƙera, haka na Paris suke da ƙungiyoyi masu doka. Masu zubi da naƙashi ƙungiyarsu dabam, masu ruwan zinariya tasu dabam, kowa ba shi da izinin taɓa aikin wani, kuma sun sha kai juna ƙara a kan wannan iyaka. Sai a 1776 aka haɗe su, a 1791 kuma, bayan juyin mulki, aka rushe ƙungiyoyin sana'a gaba ɗaya.

4. Maƙeran

André-Charles Boulle, wanda ya rayu daga 1642 zuwa 1732, an fi saninsa da aikin katako. Amma da yake Sarki ya ba shi masauki a fadar Louvre tun 1672, dokar ƙungiyoyi ba ta hau kansa ba, ya iya haɗa sassaƙa da zubi a maƙera ɗaya. Fitilunsa na tagulla ne tsantsa, masu nauyi, kowane gefe daidai da ɗan'uwansa.

Jacques Caffieri, 1678 zuwa 1755, ɗan wani masassaƙi ne da ya zo daga Italiya. A zamanin Louis na 15 yayi ya juya, aka bar miƙaƙƙen layi aka koma lanƙwasa, rassa suna murɗewa kamar yaɗon ƙwarya. Shi da ɗansa Philippe su ne gwanayen wannan salo. Akwai fitilunsu biyu a gidan tarihi na Wallace a Landan, ɗaya tana ɗauke da sunan Caffieri da shekarar 1751. Wannan abu ne mai wuyar samu, domin yawancin maƙeran lokacin ba su sa suna a aikinsu.

Pierre Gouthière, 1732 zuwa 1813, shi a kan ɗauka ya fi kowa hannu a naƙashi da ruwan zinariya. Ya shahara da wata hanya ta bar zinariya da laushin launi marar walƙiya, ya goge wasu wurare kaɗai, har ganye ya fito kamar mai rai. Ya yi wa Madame du Barry, ƙwarƙwarar Louis na 15, aiki mai yawa. Amma manyan mutane ba su gaggawar biya. Ya karye tun kafin juyin mulkin 1789, aka kashe du Barry a 1793 da bashinsa a kanta, ya mutu matalauci.

Pierre-Philippe Thomire, 1751 zuwa 1843, ya yi aiki a hannun Gouthière yana saurayi, amma shi ya san kasuwa. Ya ratsa juyin mulki lafiya, ya zama mai naƙashin Napoleon, maƙerarsa ta ɗauki ɗaruruwan ma'aikata. A zamaninsa fitila ta ɗauki siffar kwando: zobe babba na tagulla a tsakiya, igiyoyin ƙarau suna saukowa daga sama zuwa zoben, wasu suna haɗuwa a ƙarƙashinsa. Wannan siffa ita ce aka fi kwaikwayo a ɗakunan biki har yau.

Gérard-Jean Galle, ɗan maƙeri Claude Galle, ya yi wata mai ban mamaki wajen 1818. Siffarta ta balan-balan ce irin wadda 'yan'uwan Montgolfier suka tayar sama a 1783. Tana da dunƙule shuɗi mai taurarin zinariya a tsakiya, da kyandir 18, da kwanon gilashi a ƙasa wanda aka yi don a zuba ruwa a sa ƙananan kifaye. Irinta tana gidan tarihi na Getty a Los Angeles ta Amurka.

5. Ƙarau

Da farko abin da a kan rataya dutse ne na haƙa, fari garai-garai kamar ƙanƙara, wanda a kan feƙe da wahala. Tsadarsa ta sa sai sarakuna. A 1674 wani Bature a Ingila, George Ravenscroft, ya sami izinin mallakar wata hanya ta yin gilashi, wadda ta kai ga zuba dalma cikin haɗin. Gilashi mai dalma ya fi nauyi, ya fi sauƙin yanka, ya fi karya haske ya fito da launin bakan gizo, in an ƙwanƙwasa shi kuma ya kan yi amo mai tsawo. A ƙa'idar Turai ta yanzu, sai dalmar ta kai kashi 24 cikin 100 kafin a kira shi ƙarau mai dalma.

Faransa ta makara a wannan fage. Sai a 1781 masana'antar Saint-Louis ta gano sirrin. Ta Baccarat kuwa, wadda aka kafa a 1764 da izinin Louis na 15, gilashin yau da kullum take yi har 1816, sa'an nan ta koma ƙarau. Cikin ƙarni na 19 kayanta suka kai fadojin Gabas, har da fadar Dolmabahçe ta Sarkin Musulmi na Santambul.

Ƙasar nan ma tana da masu narka gilashi. Masaga na Bida sun daɗe suna yin awarwaro da duwatsun wuya, a da daga rairayi da kanwa, daga baya daga fasassun kwalabe, maƙwabtansu kuwa maƙeran tagulla ne masu buta da tasa. S. F. Nadel ya bayyana ƙungiyoyinsu a littafinsa na 1942, a 2021 kuma UNESCO ta sa Bida cikin biranen sana'ar hannu. Watau sana'o'i biyu da fitilar rataye ke bukata suna zaune a gari ɗaya a Nijeriya. Abin da ya hana su haɗuwa a kan fitila shi ne hasken ƙasar na man gyaɗa ne da man kaɗanya a kasko, ba na kyandir mai yawa ba, zaman dare kuma galibi a tsakar gida ne, inda farin wata ke taimako.

6. Kyan ɗan maciji

Tururin zaibar nan da ke tashi daga garwashi, huhun mai aikin ya kan fara shiga. Alamun sanannu ne: yawan miyau, dasashi ya kumbura, haƙora su yi girgiɗi su zube, hannu ya kama rawa har mutum ya kasa kai loma baki, daga baya hankali ya taɓu. Masu sayen fitilun ba su ganin wannan, amma masu maƙera sun sani. Ɗaya daga cikinsu, André-Antoine Ravrio, da zai mutu a 1814 ya bar wasiyyar faran 3,000 ga duk wanda ya gano hanyar kare ma'aikata. A 1818 masanin haɗa magunguna Jean-Pierre-Joseph d'Arcet ya ci kyautar, da wani murhu mai bututu wanda ke zuƙe tururin ya fitar da shi waje. Abin ya rage, bai ƙare ba. Abin da ya kawo sauƙi sosai shi ne yin ruwan zinariya da lantarki, wanda gidan Elkington na Birmingham ya sami izininsa a 1840, Christofle kuma ya shigo da shi Paris a 1842.

Wannan labari bai zama na da kaɗai ba. Masu haƙar zinariya da hannu a Zamfara da Neja da Birnin Gwari suna zuba zaiba cikin niƙaƙƙen dutse ta kama zinariya, su ƙona dunƙulen a wuta, zaiba ta tashi zinariya ta saura. Aikin guda ne da na Paris, tururin ma guda ne. Dalma kuma, wadda ke ba ƙarau ƙyallinsa, ita ce ta fito daga dutsen zinariyar da aka niƙa cikin gidaje a yankin Anka da Bukkuyum, ta kashe yara fiye da 400 a 2010. A 2013 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Minamata don rage amfani da zaiba, Nijeriya kuwa tana ciki. Malamin da zai yi wa mahaƙa bayani da Hausa ba ya bukatar aron kalma ko ɗaya: zaiba, dalma, tururi, huhu, duk suna bakin mutane.

7. Kama da wane ba wane ba ce

Tun ƙarni na 19 maƙeran Paris da kansu suke sake ƙera fitilun magabatansu, saboda haka tsohon fasali ba hujja ba ne na tsufa. Masana su kan duba abubuwa kaɗan. Ruwan zinariyar zaiba yana da kauri da laushin launi, a bayan ƙarfen kuma, inda ido ba ya kai wa, ba a ɓata zinariya ba. Na lantarki siriri ne, ya kan rufe ko'ina bai ɗaya. Naƙashin hannu yana da kaifi, ba kuma a samun ganye biyu daidai wa daida. Kusoshin murɗawa na da ba su fita daga inji ba. Rami na wayar lantarki a tsohuwar fitila daga baya aka huda shi. Akwai kuma wata alama mai ƙarfi: daga 1745 zuwa 1749 an sa haraji bisa kayan da ke da jan ƙarfe a ciki, a kan buga musu ɗan hatimi na harafin C da kambi a kansa. Amma hatimin ma an ƙirƙira na jabu, don haka ba a dogara ga alama ɗaya.

Mai sayen fitila a Unguwar Boro ba lalle ne ya bukaci wannan duka ba, muddin ya san abin da ya biya kuɗinsa sabo ne, bai yarda an sayar masa da kwano a kan kuɗin tagulla ba. Ɗan faifan nan da ke ƙarƙashin ƙwan lantarki yana nan har yanzu, ko da yake babu kakin da zai tare. Ran da aka ɗauke wuta, in wani ya shigo falo da kyandir a hannu ya tsaya ƙarƙashin fitilar, a sa'an nan ne 'yan gilasan za su yi aikin da aka ƙera kakanninsu dominsa.